Tsoffin gilasan kyamara: hoto mai kyau da araha, amma sai da haƙuri

Matashin da ke son shiga sana'ar ɗaukar hoto a Yamai, Maraɗi ko Damagaram yakan fara cin karo da matsalar kuɗi. Ko ya samu kyamara, gilashin da ake ɗaura mata, wanda masu sana'ar ke kira objektif, sau da yawa ya fi ta tsada. Akwai wata hanya mai sauƙi: tsoffin gilasan da ake saitawa da hannu, waɗanda aka ƙera tun zamanin fim.

Fitattu daga cikinsu sun haɗa da Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai milimita 58 da f/2, wanda aka ƙera miliyoyinsa, da Super Takumar 50 mai f/1.4 na kamfanin Asahi na Japan daga shekarun 1960. Ba su da injin saiti a ciki, ƙarfe ne da gilashi kawai, shi ya sa suke daɗewa. Kasuwarsu ta farfaɗo bayan fitowar kyamarori marasa madubi, irin Sony A7 ta 2013, domin ƙaramin zoben haɗi ya isa a ɗaura musu kusan kowane tsohon gilashi.

Sirrin yana cikin lambar f, wadda ke nuna faɗin ƙofar haske. Ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa. Gilashin 18-55 da ke zuwa da yawancin kyamarori yana tsayawa a f/5.6 idan an jawo shi ƙarshe, yayin da f/1.4 ke shigar da haske ninki 16 a kan haka. Wannan ne ke ba da damar ɗaukar amarya a tsakar gida bayan magariba ba tare da fitilar kyamara ba, fuska ta fito sarai, bango da jama'ar da ke baya su yi dishi-dishi.

Sai dai nan ne haɗarin yake. Da gilashin milimita 50 a buɗe a f/1.4, idan mutum yana nisan mita 1, wurin da zai fito tsaf bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Idan saitin ya faɗa kan hanci, idanu sun tafi, kuma ranar biki ba ta maimaituwa. Saboda haka ƙa'idar ita ce a saita kan idon da ya fi kusa, a faɗaɗa hoton a allon kyamara don tabbatarwa, a rage ƙofar zuwa f/2 ko f/2.8 idan mutanen sun kai biyu. Kokawar gargajiya da hawan sallah, inda komai ke motsi, ba wurin koyo ba ne.

Ranar Sahel ma tana da nata sharaɗin. Da tsakar rana, a ISO 100, f/1.4 na buƙatar saurin da ya haura 1/8000 na daƙiƙa, alhali kyamarori da yawa iyakarsu 1/4000. Hoton sai ya ƙone fari fat. Maganin shi ne matatar rage haske da ake kira ND, ko inuwar bango, ko a jira bayan la'asar.

Ɗaukar shimfiɗar ƙasa kuwa akasin haka take. Mai son duwatsun Damagaram, gaɓar kogin Kwara a Yamai, ko hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, yana son komai ya fito, na kusa da na nesa. A nan tsohon gilashi ya fi sauƙi, domin an zana ma'aunin nisa a jikinsa. Da milimita 28 a f/8, idan aka saita a kusan mita 3 da rabi, komai daga mita 2 har iya ganin ido zai fito. Lokacin hunturu a guji canza gilashi a fili, don ƙura na shiga cikin kyamara ta bar ɗigo a kowane hoto.

Ƴan uwa da ke Faransa, Beljiyam ko Jamus, inda ake samun waɗannan kayan a kasuwannin gwanjo, su lura kafin su aiko. A haska gilashin da tocila don ganin ko akwai fumfuna ko hazo a ciki, a juya zoben a ji ko yana tafiya sumul, a kuma tambayi irin kyamarar da ke gida. Helios mai bakin M42, misali, ba ya saita abu mai nisa a kan kyamarar Nikon mai madubi sai da zobe na musamman.

Aikin hannu ba baƙo ba ne a yankin nan. Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, da Philippe Koudjina da ya ɗauki matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970, duk sun yi suna ne kafin kyamara mai saita kanta ta yaɗu. Wanda ya sayi tsohon gilashi yau, ya fara gwaji da ƙannensa da abokansa na makonni kafin ya karɓi kuɗin kowa.