JAN KUNNE GA 'YAN KASUWAR YAWURI, NGASKI DA SHANGA MASU NIYYAR SAYEN JIF

A wannan mako, ban da farashin albasa da shinkafa da busasshen kifi da muka saba kawo muku, mun ga ya kamata mu taɓa wata haja wadda ba a auna ta da mudu, watau motar nan da ake kira jif, musamman matsakaiciya, wadda ta fi ƙaramar mota tsawo amma ba ta kai a-kori-kura ba. Dalili kuwa shi ne, da zarar an sayar da amfani kuɗi sun shigo hannu, sai ka ji daga Wara har Yelwa har Shanga ana ta tambayar nawa ake sayar da ita. To kuɗin jif guda ɗaya sun isa su zama uwar kuɗin mutum dukanta, kuma wanda ya yi kuskure a cinikinta yakan daɗe bai farfaɗo ba.

WACE IRI CE ZA TA YI MAKA?

Da farko dai a sani jif iri biyu ce. Akwai wadda aka ɗora bodinta a kan sasi na ƙarfe kamar yadda ake ƙera babbar mota, irin su Prado da 4Runner. Akwai kuma wadda bodinta da ƙasanta duk a haɗe suke kamar ƙaramar mota, irin su Highlander da Honda Pilot da Lexus RX. Ita Highlander, da ta fara fitowa a Amurka a 2001, a kan gindin Camry aka gina ta, shi ya sa take da laushin tafiya, amma ba ta jure duka kamar mai sasi.

Saboda haka kafin mutum ya taya, ya fara tambayar kansa hanyar da zai riƙa bi. Idan harkarka a kan kwalta take, daga Kwantagora zuwa Yelwa, Koko, Jega har Sakkwato, to mai laushin ta ishe ka. Amma idan kai mai shiga tungaye ne na bakin tafkin Kainji, inda aka tsugunar da jama'a da yawa saboda madatsar da aka gama a 1968, ka san yashi da rani, ka san taɓo da damina, to kana bukatar wadda ke ja da ƙafa huɗu. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, don suna tsammani kowace jif haka take. Ba haka ba ne. Highlander da yawa da ake kawowa daga Amurka ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Kada ka tsaya ga faɗar mai sayarwa. Sa makanike ya kwanta a ƙarƙashinta ya duba ko akwai sandar farfela da ta tashi daga giya ta nufi ƙafafun baya. In babu, to galibi ba ta ja da huɗu, kuma kuɗinta bai kamata ya kai na mai ja da huɗu ba.

Sa'an nan jif ba motar kaya ba ce. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya liƙa, wadda ta faɗi nauyin da za ta ɗauka, kuma a irin waɗannan matsakaita yakan kama daga kilo 500 zuwa 600, har da mutanen da ke ciki. Manya biyar sun cinye fiye da rabi, ka ƙara buhun albasa biyu, ka gama da ita. Wanda nufinsa jigilar albasa da kwalayen kifi ne, to Hilux ko Kanta ce tasa. Ban da haka ma, motar da ƙarnin kifi ya kama kujerunta, ranar sayarwa mai ita zai gane kurensa.

YADDA KUƊIN SUKE HAƊUWA

Dattawan cikinmu suna tune da lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, sa'ad da ɗan kasuwa kan sayi 504 sabuwa ful. A zamanin nan ma an yi ta ƙoƙarin haɗa mota a gida, kamar Innoson a Nnewi, da kuma kamfanin Dangote da Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 2022. Amma mafi yawan abin da ɗan kasuwa ke iya saye shi ne wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, da ake ce wa Beljiyam ko 'yar Kwatano, ko kuwa ta hannu wadda ta riga ta sha hanyoyinmu.

Kuɗin Beljiyam kashi-kashi ne. Akwai kuɗin da aka saye ta a wajen gwanjo da dala, da kuɗin jirgin ruwa, da kuɗin kwastan, da ladan wakilin da ya fito da ita daga tashar jirage a Ikko, da na direban da ya kawo ta Arewa, sa'an nan ribar mai ita da la'adar dillali. Uku na farko duk dala ce ke juya su. Ga misali don a gane. A 2022 kwastan ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan irin waɗannan motoci, da wani ƙarin kashi 15, watau 35 ke nan, ban da harajin kayayyaki da sauran ƙananan caji. A ce an yi wa mota kima dala 5,000. A farkon 2023, sa'ad da kwastan ke lissafin dala a kan kimanin Naira 422, wannan kashi 35 ya kama Naira 738,500. Bayan an saki Naira a watan Yuni 2023, dala ta kai wajen Naira 1,500 a watan Fabrairu 2024, sai harajin motar nan dai, ba a canza mata ko kusa ɗaya ba, ya koma Naira 2,625,000. Kun ji dalilin da ya sa wanda ya san farashin bara bai san na bana ba. Duk mai niyya ya tambayi yadda dala take a makon da zai saya, ya kuma ji farashi a wuri uku, a ce Sakkwato da Kaduna da Kano, kafin ya buɗe baki ya taya.

TAKARDU SU NE RABIN MOTA

In ka ji jif ta yi araha fiye da 'yan uwanta, to fara neman takardun kwastan. A watan Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma mu da muke jiha ɗaya da Kamba da Tsamiya mun san akwai waɗanda ke biyo daji da su. A watan Satumba 2019 kwastan ta rufe wuraren sayar da motoci da yawa a ƙasar nan don binciken takardu, kuma a 2022 ta fara yi wa mota kima ta hanyar lambar sasinta. Motar da ba a biya mata haraji ba ana iya kama ta a hanya ko da ta shekara nawa a hannunka, kuma a ranar ba za ka ga wanda ya sayar maka ba.

Lambar sasi haruffa da alkaluma 17 ce. Tana nan a gindin gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin ƙofa. A gwada su da ta jikin takarda ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a kai takardun ofishin kwastan na Birnin Kebbi ko na inda ake cinikin, a tabbatar na gaske ne kafin a biya. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a karɓi shaidar mallaka. A kuma sa kuɗin lamba da lasin da inshora cikin lissafi, don tun watan Janairu 2023 aka mayar da ƙaramar inshorar motar gida Naira 15,000 daga 5,000.

RANGWAME DA GYARA

A Amurka, idan sabon yayi zai fito, kamfani yakan rage kuɗin na bara ko ya mayar wa mai saye wani abu. Wannan bai shafi mai sayen Beljiyam ba. Namu rangwamen a baki yake, kuma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wanda zai rage maka da yawa ya riga ya ɗora da yawa. Haka gyara. Wani zai ce ya cika maka tanki, ya yi maka juyen baƙin mai, ya yanko maka lamba. Madalla, amma ka ƙiyasta kuɗin kowanne ka gani ko sun kai abin da ya ƙi ragewa. Gyaran da ya fi amfani shi ne sababbin tayoyi da batir, don yawancin motocin nan da tsofaffin tayoyi suke zuwa.

Akwai kuma masu karɓar tsohuwar motarka ka yi ciko. Kada a haɗa cinikin biyu wuri ɗaya. A fara sallama sabuwar, sa'an nan a taya tsohuwar, in ba haka ba abin da aka ƙara maka a nan za a zare shi a can.

Game da biya kaɗan-kaɗan, bankunan da ba sa harka da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna yin murabaha, watau banki ya sayi motar ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Tambayoyi uku za ka yi: nawa ne jimlar abin da zan biya, nawa ne kafin alƙalami, kuma me zai faru in wata ya wuce ban biya ba. Ku tuna kuɗin mai albasa da mai kifi lokaci gare su, shi kuwa banki kowane wata yake zuwa. Wanda zai sayi sabuwa saboda garanti, ya tambayi inda garejin kamfanin yake, don garantin da sai an je Kaduna ko Abuja kafin a ci moriyarsa, rabinsa ya tafi a man zuwa da dawowa.

Ku kuma 'yan uwanmu dillalai, a yanke la'ada tun kafin ciniki, a san wanda zai biya ta. Idan mota ta bi hannun mutum huɗu kowa ya ɗora nasa a ɓoye, ranar da mai saye ya ji gaskiya sunan na kusa da shi ne zai ɓaci. A faɗi aibin haja, don Alhajin da ka yi wa gaskiya bana shi zai kawo maka ƙaninsa baɗi.

ABIN DA MAKANIKE ZAI DUBA

Ba a cinikin biri a sama. Kada a tura kuɗi saboda hoton da aka gani a waya. A je da makaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a kuma tayar da injin da safe tun yana sanyi, a saurara, a duba hayaƙi.

Motoci da yawa na gwanjon Amurka waɗanda suka yi haɗari ne ko ambaliya ta cinye su, kamar bayan guguwar Harvey ta 2017. Mu mutanen bakin ruwa ba a koya mana warin abin da ya jiƙa. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a duba tsatsa a ƙafafun kujeru da busasshen taɓo a ramin safaya. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ba da wahala. A lura kuma agogon tafiyar motar Amurka da mil yake ƙirga, mil 150,000 kuwa kilomita 240,000 ne. A sa kwamfuta ta karanta injin da giya, a tabbata ba a cire abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ba. A Highlander da Lexus, injin 3.0 da 3.3 bel ne ke juya su, sai a tambayi yaushe aka canza shi, shi kuwa 3.5 sarƙa gare shi.

Rufin gilashi da kujerun fata da manyan ƙafafu masu siririyar taya, duk ado ne da ke ƙara kuɗi, kuma siririyar taya ba ta kwana biyu a ramukan hanyarmu. Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne lafiyayyar giya, na'urar sanyi mai aiki, cikakkiyar safaya, da kuma motar da za a sami kayan gyaranta a Yelwa ko Kwantagora ba sai an aika Ikko ba.

CIYAR DA ITA

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jif mai fulogi shida takan yi kimanin kilomita 8 da lita ɗaya, mai fulogi huɗu kuwa 9 da ɗan wani abu. Tafiyar kilomita 400 zuwa da dawowa lita 50 ke nan. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati, watau tafiyar ba ta kai Naira 10,000 ba. A watan Oktoba 2024 lita ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa, tafiyar nan ta wuce Naira 50,000. Kowa ya lissafa tafiya nawa yake yi a wata, ya gani ko ribarsa za ta ɗauka.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa amma dole ne. Tun abin da ya faru a makarantar Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021, kowa a ƙasar nan ya san mota mai ƙyalli tana jawo idon da ba a so. Mai shiga kasuwannin ƙauye gara ya zaɓi wadda ba ta cika ɗaukar ido ba.

Shawararmu ita ce, a sayi mota daga riba, kada a taɓa uwa. A kuma ware wani abu a gefe don gyaran farko, domin da wuya ta hannu ko Beljiyam ta shigo gida ba ta nemi wani abu ba. Wanda lissafinsa bai kai ba bana, ya haƙura ya juya kuɗinsa a albasa da shinkafa, motoci ba za su ƙare ba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.