Mai Tura Hoton Ma Yana Cikin Laifin

Wani saƙon murya yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu na unguwar Kalakla da ke Khartum, har da waɗanda yaƙi ya tarwatsa zuwa wasu garuruwa, a kan hotunan tsiraicin 'yan mata da ake bazawa.

Cewa kamfanin WhatsApp ne ke sayar da hotunan, shaci-faɗi ne, ba shi da hujja. Cewa wayar da aka ƙwace ko aka kai gyara tana iya tona asiri, wannan gaskiya ne, balle a Khartum inda wayoyi masu yawa suka salwanta tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023.

Inda saƙon ya yi ɓarna shi ne da ya ce duk mai fitar da hoto saurayi ne da aka yaudara, yarinya ita ta jawo wa kanta, saboda haka tura wa dangi "don a ɗauki darasi" ba laifi ba ne. Wanda ya naɗi wannan magana ya ji tsoron Allah. Iyayen da suka gaskata shi ban ga laifinsu sosai ba, fargabar 'ya'yansu ce ta ja su.

A binciken da Nicola Henry da Anastasia Powell da Asher Flynn suka yi a 2019 a Ostireliya da New Zealand da Birtaniya, masu bazawar da kansu sun ambaci nishaɗi, da burge abokai, da musayar hoto da hoto. Ramuwar gayya tana ciki, amma ɗaya ce cikin dalilai. Ba a Sudan aka yi binciken ba, sai dai uzurin mun san shi. Tun 1957 Gresham Sykes da David Matza suka nuna yadda mai laifi kan fara wanke kansa kafin ya aikata: ita ta jawo, ba ni na fara ba, ai kowa ya gani. Kawun da ya danna "tura" yana salati, da wannan uzurin yake aiki, kuma ta hannunsa hoton ke isa gidan surukai.

Dokar laifukan intanet ta Sudan ta 2018, wadda aka tsaurara a 2020, tana hukunta keta sirrin mutum. Wadda ta kai shekara 18 lokacin da aka ɗauki hoton kuma za ta iya amfani da shafin StopNCII don a toshe hoton a Facebook da Instagram, ba tare da ya bar wayarta ba.

Jama'a, in hoto ya iso gare ku, ku goge shi, ku tsawata wa wanda ya turo, ku rufa wa 'yar mutane asiri.