Silo Mai Hawa da Sauka: Inda Iska ke Satar Hanya a Injin Tarbo

Idan mota ta tsaya, direba ya ɗauke ƙafarsa daga kan totur, inji ba ya mutuwa. Yana ci gaba da juyawa a hankali, wato abin da kanikawa ke kira silo. A injin fetur mai lafiya wanda ya riga ya yi zafi, silo yakan tsaya tsakanin juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya. Amma akwai wata cuta da ta yi suna a motocin tarbo waɗanda masu su suka yi wa sauye-sauye domin ƙara ƙarfi: allurar awon juyi ta haura wajen 1,500, ta faɗo, ta sake haurawa, inji yana ta gurnani kamar wani na wasa da totur, alhali ba wanda ya taɓa shi.

Motocin da suka fi shahara da wannan ciwo su ne Mitsubishi Eclipse da Eagle Talon da Plymouth Laser. An fara sayar da su a Amurka a 1989, daga masana'antar Diamond-Star Motors da kamfanonin Mitsubishi da Chrysler suka kafa tare a 1985 a jihar Ilinoi. Injinsu, mai lamba 4G63, silinda 4 gare shi da girman lita 2, kuma silonsa na ƙa'ida juyi 750 ne. Matasa sun ƙaunace shi saboda yana jure ƙari, don haka da wuya a sami wanda ba a taɓa ba.

Tarbo, wanda injiniyan ƙasar Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar ƙirarsa a 1905, fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana cusa iska cikin inji. Sai dai a lokacin silo hayaƙi kaɗan ne, tarbo kusan hutawa yake yi. Saboda haka ba shi ne mai laifi ba. Laifin yana cikin tiyo da bawul da mahaɗai masu yawa da suka zo tare da shi.

Ɗalibi zai iya yin lissafin da ke bayyana dalili. Injin lita 2 yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi 2, don haka a juyi 750 yana neman lita 750 a minti. Amma da yake ƙofar totur a rufe take, matsin iskar da ke bayanta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na matsin iskar waje ba. Ke nan abin da ke shiga da gaske wajen lita 250 ne. Idan aka take totur har juyi 6,000, tarbo na cusawa, iskar takan kusa ninka haka sau 40. Hujin da inji ba zai san da shi ba a kan babbar hanya, a wurin silo babbar ƙofa ne. Inji kuwa ba zai iya gudu fiye da iskar da ya samu ba. Duk silon da ya yi sama, to akwai iskar da ta kewaye ƙofar totur.

A waɗannan motoci, hanyoyi uku aka bar wa iska da gangan. Akwai wata kusa mai zare da ke daidaita ɗan ƙaramin rami. Akwai bawul mai ƙaramar motar lantarki wanda kwamfutar inji ke buɗewa da rufewa taki-taki. Na uku shi ne mafi ban sha'awa: bawul ne mai kaki a cikinsa, ruwan lagireto na bi ta jikinsa. Da sanyin safiya kakin a takure yake, bawul a buɗe, inji ya sami ƙarin iska. Da ruwa ya yi zafi sai kakin ya kumbura ya tura bawul ya rufe. Wasu masu neman ƙarfi sukan cire tiyon ruwan nan, wai don kada iska ta ɗumama. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, asarar kuwa a fili take: kakin ba ya samun zafin da zai rufe bawul. Haka ma idan ruwan lagireto ya yi ƙasa, ko bawul ɗin ya saki saboda tsufa.

To me ya sa silon ba ya tsayawa a sama, sai ya riƙa hawa da sauka? Amsar tana cikin wata dabarar tattalin mai. An tsara kwamfutar ta yadda in ta ga totur a rufe, juyi kuma ya kai wajen 1,500, za ta ɗauka mota na gangarawa ne da giya, sai ta yanke mai gaba ɗaya. Juyi ya faɗo, ta maido da mai don kada inji ya mutu, iskar da ta yi yawa ta sake ɗaga shi, ta sake yankewa. Kwamfutar ba ta lalace ba. Umarninta take bi daidai a yanayin da ba a tanade ta dominsa ba, kuma wanda ya yi gaggawar sayen wata ya zubar da kuɗinsa.

Sai kuma batun awo. Fetur na ƙonewa sosai idan an haɗa giram 14.7 na iska da giram 1 na mai. Na'urar awon iskar waɗannan motoci tana ƙirga 'yan guguwar da iska ke yi bayan ta bugi wani ɗan sanda, abin da masanin kimiyya Theodore von Kármán ya bayyana. Iskar da ta shiga ta wani huji bayan na'urar ba ta cikin lissafi, sai mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa rawa. Akasin haka ke faruwa ga waɗanda suka sa bawul mai fesar da rarar iskar tarbo waje domin jin ƙararsa: an auna iskar, an zuba mata mai, sannan an zubar da ita.

Wajen bincike, makaniken kirki daga mai sauƙi yake farawa. Ya bar inji ya yi zafi, ya duba ruwa, ya tabbata wayar totur ba ta ɗaure ba har ta hana ƙofa rufewa. Sannan ya bi siraran tiyo ɗaya bayan ɗaya, musamman wanda aka ƙara don agogon awon matsi da kuma mai zuwa birki. Daga nan ya kashe inji, ya toshe bakin tarbo, ya hura iska da kwamfiresa daidai matsin da motar ke aiki da shi, ya yayyafa ruwan sabulu a kan mahaɗai. Inda kumfa ta tashi, nan ɓarawon yake. Fesa mai a kan inji yana aiki don a ji ko sautinsa zai sauya ya daɗe a gareji, amma ganganci ne kusa da tarbo mai zafi.

Kusar nan mai zare ita ce ta ƙarshe da ake taɓawa, ko da yake ita hannu ya fi saurin kaiwa. Idan aka murɗa ta haka kawai, kwamfuta za ta motsa nata bawul ta warware gyaran. Sai an sa kwamfutar ta daina gyara silo ta hanyar da littafin motar ya bayyana, kana a murɗa kusar har allura ta zauna a kan 750.