Shirin Magidanci Kafin Ƙaura da Iyali Zuwa Wata Ƙasa

 

Ƙaura zuwa Gabas ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A 1903, da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da jama'a masu yawa, ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa Sudan, inda garin Mai Wurno ya kafu. Har yau a ƙasar Tsanyawa da maƙwabtanta mukan ji magidanci ya ɗaura niyyar kwashe iyalinsa zuwa Saudiyya ko wata ƙasa. Shari'a ba ta hana neman halal a ƙasar Allah ba, amma ta gindaya haƙƙoƙi da za a sauke kafin a ɗaure kaya.

Na farko shi ne amana da bashi. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi Hijira, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane da ajiyarsu, alhali yawancinsu ba su yi imani ba. To, ina ga ɗan kasuwar da zai fita da asuba da kuɗin abokan cinikinsa? A mazhabar Malikiyya mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya, muddin wa'adin biya zai cika yana can, sai fa in ya kawo mai lamuni ko ya naɗa wakili. A biya abin da za a iya biya, saura a rubuta gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. A rubuta wasiyya kuma, kada ta wuce sulusi, kada a yi ta ga magaji.

Na biyu shi ne gona, kuma nan ne aka fi yin nadama. Ƙasa irin ta Tsanyawa ta cika da jama'a, gona na jikin gona, wanda ya sayar da tasa da wuya ya sake samun irinta. In gonar ta gado ce ba a raba ba, bai halatta ya sayar don kuɗin jirgi ba, domin akwai rabon 'yan'uwa mata da marayu a ciki. Jinginar da aka saba, wadda mai kuɗi zai yi ta cin amfanin gona har ranar da za a biya shi rancensa cif, rance ne da ya jawo amfani, malamai kuwa sun lissafa shi cikin riba. Abin da ya fi shi ne a ba ɗan'uwa aro, ko a ba da haya da kuɗi sananne, ba da gero ko dawa ba, don Malikiyya ba su yarda a yi hayar ƙasa da abinci ba. A yi wannan gaban dagaci, a rubuta iyakoki da adadin shekaru.

Na uku shi ne iyali. Mai mata fiye da ɗaya ya tuna Manzon Allah yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Wadda aka bari a gida tana da cikakken haƙƙin ci da sutura, in an rasa kuwa tana iya kai ƙara gaban alƙali ta nemi rabuwa. Iyaye tsofaffi a nemi yardarsu, a san wanda zai kula da su. Yara a karɓo musu shaidar haihuwa da ta makaranta.

Na huɗu shi ne takardu: fasfo, da katin allurar rigakafin shawara, da izinin zama na ƙasar da za a je. Bizar Umra ta ibada ce, mai wa'adi. Wanda ya karɓe ta da nufin ɓuya ya saɓa alkawari, ya kuma jefa 'ya'yansa cikin zaman ɗar-ɗar, ba makaranta, ba asibiti cikin sauƙi. Tarihi ya isa wa'azi. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Ghana, Hausawa da yawa suka dawo sun bar dukiyar shekaru. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso 'yan Nijeriya ta Masar. A irin wannan rana, wanda ya bar gona da zumunci a gida shi ke da wurin saukar da kayansa.

Saboda haka muna kira ga mai niyyar tafiya ya yi istihara, ya shawarci masana, in da hali ya fara zuwa shi kaɗai ya ga wurin kafin ya ɗauki iyali. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya tsare waɗanda suka bari.