Likita ko NP: Wa Ya Kamata Ya Riƙa Duba Ka a Amurka?

 Yau Amurka za mu leƙa, saboda wani abu da ke rikita 'yan'uwanmu da suka je karatu ko aiki can. Ka kira asibiti kana son ganin likita, sai a ce maka likita sai nan da sati uku, amma akwai NP gobe da safe. Ka tambaya wace ce NP, a ce nas ce. Nan take ranka ya ɓaci, kana ganin an raina ka. To tsaya tukuna.

NP nas ce, ko nas ne, da ta gama digirin farko na aikin jinya, ta sami lasisi, sannan ta ƙara digiri na biyu ko na uku a fannin duba marasa lafiya. Tana da ikon gano cuta, ta tura ka gwaji, ta rubuta maka magani. An fara wannan tsari a 1965 a Jami'ar Kolorado, lokacin da wata nas, Loretta Ford, da likitan yara Henry Silver suka ga yaran karkara ba sa samun mai duba su. Yau a fiye da rabin jihohin Amurka NP na iya aiki ita kaɗai. A wasu jihohin kuma, kamar Texas, dole sai tana da yarjejeniya da likitan da ke sa ido kan aikinta.

To ina bambancin yake? A horo ne. Likitan iyali yana yin shekara 4 a jami'a, 4 a makarantar likitanci, sannan 3 yana aikin ƙwarewa a asibiti. Awannin da yake shafewa a kan marasa lafiya kafin ya tsaya da ƙafarsa sun haura 10,000. Ita kuwa NP, mafi ƙarancin da aka daɗe ana nema a karatunta na ƙwarewa awa 500 ne, ban da shekarun da ta yi tana aikin nas. Gaskiya tazarar ba kaɗan ba ce.

Amma ga wani abu. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa wani bincike da aka yi a New York kan mutum 1,316. An raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu wurin likitoci, wasu wurin NP. Bayan wata shida, lafiyar rukunin biyu ta zo kusan ɗaya. Wato a ciwon yau da kullum, NP na yin aikin yadda ya kamata.

Saboda haka abin da za ka duba shi ne yanayin jikinka. In kai matashi ne mai ƙoshin lafiya, buƙatarka rigakafi ce, ko mura, ko ciwon fitsari, ko hawan jinin da ya daidaita da magani, je ka ga NP gobe. Zaman jiran sati uku da ciwo a jiki ya fi cutar da kai. Amma in kana da cututtuka da yawa a haɗe, misali suga da ciwon koda da na zuciya, ko kana shan magunguna barkatai, ko an yi ta gwaji an kasa gano abin da ke damunka, nemi likita ya zama shi ke riƙe da fayil ɗinka. Haka ma mai sikila, yana buƙatar likitan jini a cikin masu kula da shi.

Kuma kar ka ji nauyin tambaya. Shin akwai likita a asibitin da take tuntuɓa in abu ya fi ƙarfinta? Inshorata ta amince da ita? Idan ka taɓa zuwa gida kwanan nan sannan zazzaɓi ya kama ka, faɗa wa duk wanda ka samu a cikinsu, ka ce a gwada maleriya a ranar, domin ba cutar da suke gani kullum ba ce a can.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.