Ɗalibi da Nauyin Jarrabawa

Duk wanda ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da tsakar dare a makonnin jarrabawa, ya ga azuzuwa cike maƙil, wannan ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi, wancan yana taunar goro har haƙoransa sun rine, ya san cewa neman ilmi a wannan zamani ya zo da wata wahala wadda mazauninta zuciya ce. Dalilanta kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana tara fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi kowace shekara a kan guraben shiga jami'a da ba su isa kowa ba. Wanda ya dace ya shiga kuma, sai ya tarar da irin yajin aikin malamai na 2022, wanda ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka dawo aka cusa karatun zango cikin 'yan makonni, alhali can gida mahaifi ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta, yana sauraron sakamako.

Likitoci sun bayyana cewa idan fargaba ta kama mutum, wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda sukan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, hankali ya tattaru wuri guda, abin da ke da amfani ƙwarai na sa'a ɗaya ko biyu. Amma idan halin ya zarce makonni, sai ya haifar da ciwon kai, da ɓacin ciki, da saurin fushi, da ƙauracewar barci. A nan babbar hasarar take, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take tabbatar da abin da aka karanta da rana, saboda haka mai kwanan zaune kamar mai ɗiban ruwa da kwando yake.

Abin mamaki, maganin da ake nema a nesa yana cikin zaurukan malamanmu tun tuni. Shehu Zarnuji, marubucin Ta'alimul Muta'allim, wanda ya rayu kimanin shekara 800 da suka wuce, ya shawarci ɗalibi ya fara da ɗan abin da zai iya riƙewa, sa'an nan ya maimaita karatun jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, haka har ya sauko zuwa ɗaya. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa yadda ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya tarar galibin mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba bisa kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Alaramman tsangaya bai san Bajamushen nan ba, amma ba ya yi wa almajiri ƙari sai allon jiya ya zauna, yana kuma sallamarsa hutun Alhamis da Juma'a ba tare da ganin an tauye himma ba. Ni a ganina, da ɗalibin jami'a zai yi muraja'ar darasi a ranar da aka koyar da shi, ko da rabin sa'a ce bayan Magariba, ya sake duba shi ƙarshen mako tare da abokin muzakara wanda za su riƙa yi wa juna tambayoyi littafi a rufe, ya yi barcin sa'a bakwai ko takwas, ya ajiye wayar nan da ke cinye dare ba a sani ba, da rabin firgicin jarrabawa ya kau tun ba a kafa jadawalinta ba.

Ƙwayoyi kuwa, irin su taramol da kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, ba su taɓa ƙara wa kowa fahimta ba, sai dai su musanya damuwar mako biyu da jarabar shekaru.

Akwai kuma haddin da shawarar aboki ba ta isa. Idan ɗalibi ya yi sati biyu ko fiye cikin baƙin ciki, abinci ya fita ransa, ya ƙaurace wa jama'a, balle in ya fara tunanin rayuwarsa ba ta da amfani, to wannan ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba, kuma wajibi ne a haɗa addu'a da zuwa asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara. Iyaye ma suna da nasu rabon, domin yaron da ya tabbata cewa in ya faɗi darasi ɗaya za a zauna da shi a tambaye shi abin da ya faru kafin a yi masa faɗa, shi ne zai iya buga waya gida ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki tun abin bai yi nisa ba.