Gunkin da Ba a Sassaƙa Ba: Nazari Daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Da yawa daga cikin Kiristocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa jikokin Maguzawa ne. Kakanninmu sun bar yanka wa iskoki, sun daina kai wa Uwar Gona jini, suka karɓi bishara. Ikilisiya ta yi jijiya a ƙasar Katsina har Katolika ta ba ta dayosis nata a 2023, ƙarƙashin Bishop Gerald Musa. Amma wurin tsafin da aka rushe a bayan gida, a zuciya ake sake gina shi.

Gunkin zamani da baiwar Allah ake ƙera shi. Littafin Fitowa ya nuna haka: zinariyar da Isra'ilawa suka fito da ita daga Masar, ita suka narka suka yi ɗan maraƙi. Manzo Bulus kuma ya kira kwaɗayi bautar gumaka a wasiƙarsa ga Kolosiyawa.

Babban dalilin ƙera irin wannan gunki a nan shi ne tsoro. Faskari na maƙwabtaka da Zamfara, Sabuwa na jingine da Birnin Gwari, kuma ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Manomin da ke fita gona bai san ko zai dawo ba, shi ne za ka gani ran Lahadi da littafin waƙoƙi a hannu, laya kuma ɗaure a damtse ƙarƙashin riga. Wani ya fi ƙarfin laya, sai ya sayi kwalbar man shafewa ya rataye a bakin ƙofa. Sunan ne ya sauya, dogaron ɗaya ne.

Sai talauci. Gidan da ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, duk wanda ya yi masa alkawarin arzikin dare ɗaya zai saurare shi. Waya ta kawo masu wa'azin "shuka iri" har cikin ɗaki, ta kawo cacar ƙwallo, ta kawo harkar zuba kuɗi irin MMM da ta durƙushe da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016. Matashi ya sayar da buhun masara, kafin magariba caca ta lashe.

Illar ta fara bayyana a rumbu: hatsin da zai kai iyali damina ya tafi tun kaka. Daga nan ta shiga majami'a, inda ake auna mutum da nauyin baikonsa, mai kuɗi ya zauna gaba, gwauruwa ta raɓe a baya. Mafi muni, wanda aka ce masa ya biya ya tsira, in masifa ta same shi, sai ya ga kamar Allah ne ya yaudare shi.

Sai dai a yi adalci: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Tsawa daga bagade ba za ta kwance laya ba muddin tsoro na nan. Abin da ke kwance ta shi ne irin aikin Zumuntar Mata, masu karo-karon tiya-tiya na dawa su kai wa gidan da aka kora daga ƙauye. Wannan dawar ma baiwa ce, kamar waccan zinariyar. Bambancin, ita an ciyar da maƙwabci da ita, ba a durƙusa mata ba.